Ɗakin Malam Ɗahiru a Cikin Kwamfuta

Magariba ta kusa lokacin da Mannir ya koma ofis da faifan fulofi na kwafar takardu a aljihu. Aiki ne na minti biyar. Amina, matar abokin aikinsu marigayi Malam Ɗahiru, ta aiko daga Tsafe a kwafo mata takardun da mijinta ya bari a kwamfuta.

A shekarar 1998, ofishin nan na Gusau yana da kwamfutoci shida, waya ta haɗa su da wata babba da Mannir ke kula da ita. A cikin babbar kowane ma'aikaci yana da ɗakin ajiyarsa. In ka buga sunanka da kalmar sirri, naka kaɗai zai buɗe maka. Mannir ne ya raba kalmomin, kuma gogan bai taɓa cewa kowa ya canza tasa ba. In an tashi aiki sai ya bi ɗakuna yana leƙe. Ya san mai neman barin aiki, ya san wadda ke rubuta wa likita. Da safe kuwa ba wanda ya kai shi fara'a.

Ya ta da janareta, ya buga sunan mamacin da kalmarsa. Ɗakin ya buɗe.

Kwafa aka ce ya yi, amma hali zanen dutse. Ya ga takarda mai sunansa shi Mannir, ya buɗe. Wasiƙa ce zuwa ga darakta, an jera duk ranakun da ya shiga ɗakin wani. Can ƙasa Malam Ɗahiru ya rubuta: "Na fasa miƙawa. Yana da iyali."

Kunya ta rufe Mannir, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ya ji warin man zafi, irin wanda tsohon ke shafawa a gwiwa. Kujerar tebur na huɗu, mazaunin marigayin, ta yi ƙara, kamar an zauna. Kwamfutar can a kashe take, lulluɓe da leda tun ranar rasuwar.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Da yatsa ɗaya, yadda marigayin ke bugawa.

Rubutu ya fito a gabansa: "Mi kake nema ɗakina ba sallama?"

"Baba, Amina ta aiko ni," ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Karatu tac ce ka yi?"

Firinta ta kama buga wasiƙar da kanta. Ya fizge wayarta daga bango. Ba ta tsaya ba.

Ya ruga ƙofa, ta ƙi buɗewa. Numfashi ya sauka a ƙeyarsa, sanyi ƙalau.

Ladan ya kira salla. Ƙofa ta saki, ya faɗi waje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Washegari ya shigo jiki a sanyaye, ya tabbata kowa ya karanta wasiƙar, aikinsa da mutuncinsa sun tafi. Rahila mai buga takardu, wadda ya sha karanta wasiƙunta na likita, ta tare shi da takarda a naɗe.

"Malam Mannir, a firinta na tsince ta. Na ga sunanka a sama, shi ya sa ban karanta ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya kasa ɗaga ido. A ranar ya bi tebur-tebur yana sa kowa ya canza kalmarsa, yana juya baya in za a buga. Da ya zo kan Rahila, ya tsaya ya faɗa mata dalili.