Cokalin Ruwa a Man Wankin Papa

Ranar da Selom ya fara shiga shagon wankin Papa Agbeko a Lome, inda ake wanke tufafi da mai ba da ruwa ba, kwat ya kawo. Dzifa, 'yar mai shagon, na ɗago kai, sai bawan Allah ya daskare. Ɗalibin ilimin sinadarai ne mai shegen surutu, amma ko gaisuwa ya kasa.

"Yayana, kwat ɗin za a wanke ko kai?" ta ce tana dariya.

Wata shida suna soyayya, Papa ya ce atafau. Shi ɗan wani mai shagon atamfa yake so mata, ba ɗan bokon da bai taɓa riƙe dutsen guga ba. Dzifa ta sha kuka, ta share hawaye, ta ce ita fa sai Selom.

Ana nan aka kawo rigar silikin wata amarya da lemon citta ya ɓata. Man wanki ba ya cire sukari, ruwa kuma zai zubar da launin. Sau biyu Papa yana wankewa, tabon na nan daram. Dzifa ta tura saƙo: "Masoyina, taho yanzu. Yau ce ranarmu, kada ka tsaya neman takalmi."

Selom ya zo yana haki, ya ce a sa sabulun da ke narkewa a mai, a ƙara ruwa cokali guda.

"Ruwa a maina?" Papa ya daka tsawa. "Shekara talatin ko ɗigo bai taɓa shiga ba!"

"Papa, kowace ƙwayar sabulun kanta na son ruwa, jelarta na son mai. A cikin mai da kansu suke taruwa, kawuna ciki, jela waje, su rungume ɗigon ruwan a tsakiya. Shi zai tsotse sukarin, rigar ba za ta jiƙe ba."

"Tatsuniya!"

"In ta lalace, Papa, ba zan ƙara ambaton sunansa ba," in ji Dzifa. "In ta fita, ka ba mu ranar aure."

Selom ya zaro ido. "Sahibata, ni ma fa a kwalba kawai na taɓa gwadawa."

"To yau ka gwada a injin," in ji Dzifa. Papa ya ce ya yarda da sharaɗin.

Da hannunta ta auna ruwan, ko da yake tsoro kam ta ji shi. Man ya yi hazo, ta motsa, ya koma garau, aka sa rigar. Da rigar ta bushe Papa ya fita da ita rana, ya juya gaba, ya juya baya, ya shinshina. Babu tabo.

Bayan wata uku aka ɗaura aure a coci. Papa ya haɗa hannuwansu, ya dubi Selom.

"Yaro, iliminka na gani, amma taurin kan 'yata ne ya ba ka mata. Allah ya yi muku albarka, kai kuma ya ba ka haƙuri."