Ɗankwalin Tace Mai

Ranar Juma'a da hantsi, shekarar da motoci suka koma hannun dama, Kawu Cindo ya shigo ya ce mijina Barau ya rasu. Motarsa ce ta mutu a hanyar Maigatari, mai ya ƙi hawa inji. Yana durƙushe yana zuƙar tiyo, babbar mota ta kwashe shi.

Na ce, "Kawu, ai jiya bayan isha'i ya zo."

Daren nan a bayan zana Barau ya tsaya, ba sallama. Ya ce, "Hannatu, miƙo ɗankwalinki in tace mai, datti ya toshe famfon motar." Muryarsa kamar mai ruwa a baki. Warin fetur ya cika gidan, akuyarmu ta daina tuƙa. Ina fushi tuwo ya huce, sai na cilla masa ta saman zana. Ban ce ya shigo ba. Takun tafiyarsa ma ban ji ba.

Kawu ya ce, "'Yata, tun jiya da la'asar ya cika." Ya miƙo mini ɗankwalina, jiƙe da fetur. "A hannunsa muka samu da asuba."

Har yau, duk magariba nakan rataya ɗankwali a kan zana, in ce, "Shigo, ga tuwo."