Makullai Uku na Ɗakin Wuta

Ƙarfe sha biyu saura kwata rahoto ya iso ofishin 'yan sanda: wutar lantarki ta kashe mutum a Ain Sabil, wani gari da ke kan dutse. Sufeto Wasim Shadid ya ɗauki kofur ɗaya suka hau dutse.

Gawar na ƙarƙashin falwaya, an rufe ta da bargo. Ilyas Matar ne, ma'aikacin ƙungiyar gama kai ta lantarki, wadda mutanen garin suka kafa da kansu suka zuba farantan sola. Tun safe aka ɗauke wuta don ya canza waya. Yana sama wutar ta dawo.

Sufeto ya wuce ɗakin makunni, inda aka riga aka sake kashe wutar. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa ƙalau. Jan allon da ke cewa ana aiki a kan layi yana jingine da bango, an cire shi a tsanake.

"Wa ke da makulli?"

"Mu uku, 'yan kwamitin gudanarwa," in ji wani dattijo mai sanda. "Ni ne shugaba, Abu Jamil. Sai sakatariyarmu Ustaza Wafa, sai Ra'if Karam mai gidan kaji."

"Har ƙarfe nawa aka ba Ilyas?"

"Har ɗaya, yallaɓai. Kowa ya sani."

Ustaza Wafa tsohuwar malamar makaranta ce. Ta kawo wa Sufeto kofi tare da littafin zaman kwamiti, ta ɗora yatsa kan layi.

"Bakwai zuwa sha ɗaya. Da hannuna na rubuta, haka kuma aka sanar da mambobi. Wa ya ce maka ɗaya?"

"Shugabanku."

"Abu Jamil? Wanda ke barci a tsakiyar taro?" Ta cire tabarau. "Ni dai ban ji ba. Ina wanki wuta ta dawo, injin ya tashi, na duba agogo: sha ɗaya da minti bakwai. Na ma ce Ilyas ya cika alkawari yau."

"Makullinki fa?"

Ta zaro shi daga wuyanta, ɗaure da zare.

Sufeto ya koma ya tarar da Abu Jamil zaune a ƙofar gidansa, yana jan carbi.

"Ka ce kowa ya sani. Sakatariyarka ba ta sani ba."

Dattijon ya ajiye carbin. "Ilyas ya kira ni wajen ƙarfe goma, ya ce aikin ya fi yadda ya zata, a ƙara masa awa biyu. Na ce to. Ya kamata in sa a yi shela. Ban sa ba. Gwiwata..."

"Wa ka gaya wa?"

"Ra'if kaɗai. Ya zo nan yana ihu, wai zafi zai ƙarar masa da kaji."

Gidan kajin yana ƙarshen gari. Watan Agusta ne, tsakiyar zafi a ƙasar, kwanon rufin kamar zai narke, manyan fankoki shida a tsaye cik. Ra'if Karam ya fito yana goge hannu, ƙaton mutum mai furfura a gemu.

"Allah Ya jiƙan Ilyas," ya ce. "Tare muka kafa falwayar farko a garin nan."

"Abu Jamil ya gaya maka an ƙara lokaci?"

"Tsohon nan? Ko abin da ya karya da shi ba ya tunawa. Ban gan shi ba yau."

"Ka yi magana da Ilyas?"

"Tun jiya rabona da shi."

Sufeto ya zaga bayan ɗakin kajin. Matattun kaji ne tsibi guda, an yafa musu buhu. Sun fi ɗari biyu.

"Janaretonka fa?"

"Ya lalace tun makon jiya."

Kofur ya iso da leda a hannu. Wayar Ilyas ce, an same ta cikin motarsa a gindin falwaya. Sufeto ya duba, sannan ya juya wa Ra'if fuskarta.

"Kira biyu da ba a ɗauka ba. Sha ɗaya da minti huɗu, sha ɗaya da minti biyar. Lambar wa ce wannan?"

Ra'if ya dubi wayar, ya ga lambarsa.

"Minti biyu bayan haka injin wankin Ustaza ya tashi. Me kake son tambayarsa, malam Ra'if?"

Ra'if ya zauna kan buhun abincin kaji.

"Ko ya sauko," ya ce a hankali. "Suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Kaji dubu huɗu, yallaɓai. Na je ɗakin makunni, na kira shi sau biyu, bai ɗauka ba. Na ce wa kaina ya sauko shan ruwa. Na ce minti goma kawai zan kunna su sha iska."

"Daga ɗakin zuwa falwayar tafiyar minti nawa ce?"

"Uku."

"Ka je ka duba?"

"Ban je ba."

"Don me?"

"Don kada in gan shi a sama."

Kofur ya saka masa ankwa. Bai yi gardama ba. Da suka iso dandalin gari mambobi sun taru a bakin ofishin ƙungiya. Ra'if ya roƙi kofur ya ciro makulli daga aljihunsa, aka miƙa wa Ustaza Wafa. Ta karɓa ba tare da ta dube shi ba.

Sufeto ya buɗe ƙofar mota, ya waiwayo. "Na gama da wurin. Kuna iya ƙarasa aikin ku mayar da wuta."

Ustaza Wafa ta ɗaga kai ta dubi wayar da ke reto daga falwaya.

"Wa zai hau?" ta ce. "Mutum ɗaya ne ya iya a garin nan."

Sufeto ya shiga mota suka gangara.