Farantin da Tejas Bai Rubuta Ba

Ranar wata Lahadi a birnin Pune aka kai Tejas Phadke ganin yarinya don neman aure, karo na goma sha huɗu. Kowane gida aka je sai an kawo pohe, dakakkiyar shinkafar nan da ake soyawa da albasa da gyaɗa. Shi kuma in ya koma gida sai ya rubuta labarin farantin a shafinsa na intanet. Bai taɓa ambatar yarinya ba, abincin kawai. Dubban mutane ke karantawa, har da iyaye mata masu jiran zuwansa.

Yarinyar wannan karon, Mrunal Sathe, ta shigo da tire, da farin fure a gashinta. Tana ajiyewa ta ce ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe alƙali, a yi mana sassauci. Tun asuba Aai take yankan albasa."

Ya ɗaga kai. Har ya cinye farantin bai san ya ci ba.

Mako ɗaya, mako biyu, shafin shiru. Aai, mahaifiyar Mrunal, kullum sai ta sa tabarau ta duba.

"Gida goma sha uku ya rubuta!" in ji ta. "Har na matar Joshi mai ƙona mai. Nawa ne bai isa a ambata ba? Ba zai auri 'yata ba."

Ga kuma wani injiniya daga Dubai da ya zo bayansa, ya share faranti uku, ya roƙi a ƙulla masa na hanya. Aai ta ce wannan ne ɗan mutunci.

Mrunal ta tura wa Tejas saƙo: "Mai Faranti, ka jawo mana. Ranar Alhamis za a ba injiniya amsa."

Ya mayar: "Mrun tawa, duk na zauna rubuta pohe sai in ga ke nake rubutawa. Shafi tamanin ke nan, ya zama labari. Wata mai buga littattafai ta karanta, ta ce tana so."

"Na ji daɗi har na yi hawaye. Amma Aai ba ta san wannan ba. Zo ka faɗa mata da bakinka, sarkin tsoro."

Laraba da hantsi ya zo, ya sunkuya ya taɓa ƙafafun Aai don girmamawa, ya kira ta Kaku, wato gwaggo.

"Kaku, ranar nan ban ji ɗanɗanon komai ba. Da takarda kika soya, da na cinye. Ni kuma ban iya yi wa abinci ƙarya ba. A sake ba ni, amma a fitar da Mrunal daga ɗakin."

Mahaifin Mrunal ya sauke jarida. "Ni ma haka aka yi mini shekara talatin da suka wuce, yaro. Ban dai yi ƙarfin halin faɗa ba."

"Kai kuma yi shiru," in ji Aai, ta kora Mrunal gidan maƙwabta, ta shiga kicin.

Tejas ya ci a hankali, ido rufe.

"Gyaɗar ta soyu daidai, Kaku. Amma lemun tsami ya yi kaɗan."

Wata tattabara a taga ta karkata kai tana kallonsu.

"Na sani," in ji Aai. "Da gangan na rage, in ga ko maƙaryaci zan ba 'yata. Injiniyan ma gishiri na hana shi gaba ɗaya, ya ce bai taɓa cin irinsa ba."

Littafin ya fito wata biyu kafin biki, ya ƙare a kantuna har aka sake bugawa. Ranar aure, da aka janye mayafin da ake karewa da shi tsakanin ango da amarya bisa al'ada, jama'a suka yi ta watsa musu shinkafar albarka. Tejas ya ce a kunnen Mrunal, "Na gode da kika ce in zo."

Aai ta dafa kawunansu.

"Ku zauna lafiya, 'ya'yana. Ku riƙa faɗa wa juna gaskiya, ko da ta yi tsami."