Hudar da ke Shafi na Tara

Na'urar da ake kira Maɗinkiya ta zaro siririn harshenta na haske tana lasar takardun ɗaya bayan ɗaya. Aikinta ke nan: a ba ta yagaggun kwafe na littafi guda, ta ɗebo abin da ya ɓace a wannan daga wancan, ta fitar da cikakke. Injiniya Uwani ce ta ƙera ta, kuma wallahi ba ta rage murya in tana faɗin haka.

Littafin da ke ciki shi ne Ruwan Kwari, labarin zane da aka riƙa bugawa a ɓoye shekarar da ambaliya ta cinye Unguwar Kwari, kafin birnin Tudun Ƙarfe ya haye sama da jiragensa masu tafiya a kan waya. Ba wanda ya san mai zanen. Gawawwaki ne a ciki suna hira a ƙarƙashin ruwa, har da uwa mai goyon kifi. Abin da ya fi jan masu tara shi kuwa shafi na tara ne, inda aka zana jama'a tsaye bisa ganuwa. Kowane kwafi da hudarsa a wurin, ƙunar garwashin maganin sauro. Samari na cewa fuskar aljani ce aka ƙone.

Uwani ta bi gida-gida ta tattaro kwafe, ta haɗa da na mahaifinta marigayi Mati, wanda babbar gadar birnin ke ɗauke da sunansa saboda mutanen da ya ceto. Tana alfahari da shi fiye da komai. Ta kuma jona na'urar da allunan tituna, don kowa ya ga aikinta kai tsaye.

Baba Nomau, tsohon da ya sayar da littafin a ƙarƙashin tiren goro a wancan zamani, ya dafa sandarsa a bakin ƙofa.

"'Yata, kin lura hudar ba wuri ɗaya take ba?"

"Ai shi ne daɗin abin, Baba! Inda wannan ya ƙone, wancan lafiya lau yake."

"To kashe na'urar. Ba kowace rufaffiyar tukunya ake buɗewa ba."

Ta yi dariya. "Haba Baba, aljanin takarda?"

Na'urar ta yi ƙara, shafin ya cika allo. Babu aljani. Mutanen tudu ne zalla, an zana su da kamanninsu har tsagar fuska, suna kallon ruwa yana shanye maƙwabtansu. Ashe kowane gida fuskar nasa kaɗai ya ƙone, ya bar na sauran.

Uwani ta ɗauko kwafin gidansu, ta saita hudar da allon. Mutumin da ya faɗo cikinta yana riƙe da kambun ƙofar madatsar ruwa da hannu biyu, yana juya ambaliyar zuwa Kwari. Ta san wannan hular. Ita ke wanke ta tana yarinya. Ta mahaifinta ce.

A waje jirage sun tsaya cak, mutane sun yi cirko-cirko gaban alluna, jikokin Kwari da jikokin tudu, kowa na nuna wata fuska da yatsa.

"Kun sani duk, Baba?" ta tambaya da ƙyar.

"Mun sani," in ji tsohon. "Kowa ya ga uban kowa, muka yi shiru don ku ci tuwo kwano ɗaya. Na'urarki ta iya cike huda. To, ta iya mayar da ita?"