Ruwan Figar Kaji

A Fatakwal aka haifi Christy, can ta girma. Bana ne ta fara zuwa Gombe yin Kirsimeti a gidan ƙanwar mahaifinta, Goggo Ladi, a Nasarawo. Yarinyar kirki ce, sai dai in tsoho yana magana murmushi take yi, irin na wadda ta riga ta san komai.

Ranar jajibere aka yanka kaji. Da aka gama figa, sauran ruwan yana nan cikin tukunya yana tururi.

"Ki bar shi ya huce," in ji Goggo Ladi. "Magariba ta yi, ba a watsa ruwan zafi a waje yanzu. Akwai masu fitowa da 'ya'yansu."

"To, Goggo."

To ɗin a baki ya tsaya. Tukunyar take so ta ɗora miya, don haka ta zaga baya ta sheƙa ruwan cikin kangon da ke jikin katangarsu. Wani abu ya yi ƙara siririya, sau ɗaya. Ta ce wa kanta mage ce.

Tana dawowa Goggo ta miƙa mata kula cike da cincin da soyayyen nama, ta kai wa maƙwabciyarsu Hajiya Fanta. Haka suke yi duk shekara, da Salla kuma Hajiya ta aiko nata.

Lungun ta gaban kangon ya bi. An tayar da salla, ba kowa a hanya, ko ƙarar acaɓa babu. Sai warin jiƙaƙƙen gashin kaza ya cika mata hanci.

Wata doguwar mace na tsaye a bakin kangon, ta lulluɓe har fuska. Jariri ne kwance rub da ciki a hannunta.

"Sannu, baƙuwa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kin ga, ba ya goyuwa. Bayansa ya saluɓe."

Tururi na tashi daga zanen jaririn.

"Wa ya zuba?" in ji matar.

"Ban sani ba."

"Daga gidanku ya fito. Hannun wa?"

Matar ba ta matso ba, amma hannunta ya iso. Ya kama wuyan hannun Christy, zafi kamar murfin tukunya. Kular ta faɗi. Jaririn ya fara juyo da kansa a hankali.

"Goggo ce," Christy ta ce. "Matar gidan ce."

Hannun ya sake ta.

Ta kwasa a guje. Kafin ta kai ƙofa ta jiyo ihu daga cikin gida.

Goggo Ladi na zaune tana yanka albasa, nesa da murhu, abin ya same ta. Rigarta a bushe take. Da aka ɗaga, tun daga kafaɗa har ƙugu fatar ta tashi.

A asibiti aka ci Kirsimetin. Likita ya ce ƙunar ruwan zafi ce, ya yi ta tambayar yadda aka yi. Christy tana tsaye a wurin, kunya da tsoro sun ɗaure mata baki.

Ta sha komawa bakin kangon da magariba ta ce, "Ni ce, wallahi ni ce." Ba wanda ya fito.

Ba ta koma Fatakwal ba. Ita ke wanke ciwon safe da yamma, kuma har yanzu ya ƙi kamewa. Dangi sai yabonta suke yi, wai samun yarinya irinta sai an tona. Jiya tana shafa maganin, Goggo Ladi ta lalubo hannunta ta riƙe, ta ce, "Da ba ki zo bana ba, 'yata, da wa zai kula da ni?"