Igiyar da ta Tsinke a Kan Gonar Kwakwar Manja

Ranar Asabar da hantsi aka kira Insfekta Suhaimi zuwa wani ƙaramin filin jirgi a bayan Kuala Lumpur. Wani jirgi marar inji, irin wanda ƙaramin jirgi ke ja da igiya har ya hau sama, ya faɗa cikin gonar kwakwar manja. Matuƙinsa Abdulwahidu, ɗalibin injiniya daga Katsina, yana asibiti da karyayyen ƙugu.

"Tsautsayi ne kawai," in ji shugaban kulob ɗin matuƙan da ke filin. "Igiya takan tsinke."

Insfekta ya nufi inda igiyar take. Ya tsuguna ya ɗauki bakin igiyar. Rabinta ta tsitstsinke, ɗaya rabin kuwa sumul, yankan reza. An naɗe wurin da baƙin tef.

Ya sa aka kira Barnaba, ɗan Filato, wanda ya maƙala igiyar a hancin jirgin.

"Ka duba ta?"

"Tun da sassafe, yallaɓai, daga farko har ƙarshe. Babu tef."

"Da za ka maƙala fa?"

Barnaba ya sunkuyar da kai. "Ban sake dubawa ba. Ana ta gaggawa saboda an canja layi."

"Wa ya canja?"

"Alkasim, abokin ɗakin Abdulwahidu, shi ne zai fara tashi. Sai ya ce cikinsa na murɗawa, ya bar wa Abdulwahidu layinsa, ya tafi gida."

A asibiti Abdulwahidu ya yi magana da ƙyar. Ya ce igiyar ta rabu suna wuce tsayin bishiyoyi kaɗan, babu halin juyowa fili, babu wurin sauka a gaba. Da aka ambaci Alkasim sai ya kau da kai.

"Kun yi faɗa?"

"Ya kwafi sakamakon gwajina ya sa a kundinsa. Na ce ko ya cire kafin Litinin, ko in gaya wa malaminmu."

Da la'asar Insfekta ya isa unguwar Taman Melati, inda ɗakin su Alkasim yake. Kafin ya hau bene ya tsaya a shagon mamak, wato gidan abinci, da ke ƙasa. Mai shagon ya ce Alkasim ya zo da rana, ya ci shinkafa da miya mai yaji, har ya yi tapau, wato ya sa an ƙunshe masa wani ya tafi da shi.

Alkasim ya buɗe ƙofa yana dafe da ciki.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi, yallaɓai. Ko ruwa ban iya sha ba yau."

"Ka shiga rumfar da ake ajiye igiya?"

"Ban ko kusance ta ba."

Insfekta ya kunna bidiyon da wata 'yar kulob ta ɗauka da safe a filin tana gwada sabuwar wayarta. A bayanta ga Alkasim yana fitowa daga rumfar, yana cusa tef a aljihu.

Alkasim ya zauna a bakin gado.

"Wallahi ban yi nufin ya faɗo ba. Na ɗauka za ta tsinke tun suna gudu a ƙasa, ya tsorata, ya san ba a wasa da ni."

"Likita ya ce da wuya Abdulwahidu ya sake tafiya ba sanda," in ji Insfekta.

Alkasim ya rufe fuska ya fashe da kuka. Kofur ɗin da ya rako Insfekta ya sa masa ankwa, suka sauko da shi ta gaban shagon, mutane suka daina cin abinci suna kallo.